Gunduma ɗaya, kotu biyu: tafiyata zuwa Tallahatchie

Jihar Misisipi da ke kudancin Amurka tana da gundumomi 82, kuma goma daga cikinsu hedikwata biyu-biyu gare su. Tallahatchie na cikin goman nan. Mutanenta a ƙidayar 2020 ba su kai dubu goma sha uku ba, amma tana riƙe da gine-ginen kotu biyu, ɗaya a Charleston ta gabas, ɗaya a Sumner ta yamma. Baffana, ƙanen mahaifina da ya daɗe yana zaune a Memphis, shi ya fara ba ni labarin wurin, kuma shi ya ja motar. Lokacin kaka ne, ana tsakiyar girbin auduga.

Daga Memphis mun bi babbar hanya mai lamba 55 muka yi kudu, sannan muka karkata yamma a kan hanya ta 32. Wannan ɓangare duk tudu ne da kwari, ga itatuwa sun rufe gefen titi, ga shanu jefi-jefi a bayan shinge. Haka muka gangara cikin Charleston, gari mai mutum wajen dubu biyu. Ba sai ka tambayi inda kotu take ba, domin titin da kansa zai kai ka. An gina ta a tsakiyar fili, motoci na kewaya ta, shaguna da banki da ofisoshin lauyoyi sun yi mata zobe. Ginin na zamani ne, ba shi da wani ado da zai tsayar da baƙo. Da ni kaɗai ne da na wuce.

Baffa ya ce, "A'a ɗana, sauko mu shiga. In ba ka ga abin da ake yi a ciki ba, ba za ka gane dalilin da ya sa suke mutuwa a kan ginin nan ba."

Muka shiga. Abin da muka tarar ya fi kama da sakatariyar ƙaramar hukuma da aka haɗe ta da kotu da ofishin filaye a rufi ɗaya. Wani dattijo sanye da hular noma yana biyan harajin gona. Wata mata ta zo sabunta lambar mota. A ofishin magatakarda akwai manyan littattafai masu jan bango, kowanne sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga shi, a cikinsu aka rubuta wanda ya sayar da gona da wanda ya saya, da wanda ya jinginar, da wasiyyar mamaci da yadda aka raba gadonsa. Takardar aure a ginin ake karɓa. Rajistar zaɓe ma a nan ake yi, kuma daga jerin masu zaɓe ake zaƙulo mutanen da za su zauna su taya alƙali yanke hukunci. Wannan magana ta ƙarshe a riƙe ta, don ita ce ƙashin bayan abin da ya faru a ɗaya kotun.

An kafa gundumar a watan Disamba na 1833. Ƙasar ta ƙabilar Choctaw ce, waɗanda aka sa suka sa hannu a yarjejeniyar Dancing Rabbit Creek a 1830, aka kwashe mafi yawansu aka tura su yamma, can inda ake kira Oklahoma a yau. Sunan kogin da gundumar ta ci suna daga gare shi ma daga harshensu yake. Hedikwatar farko wani ƙauye ne mai suna Tillatoba, kafin a dawo da ita Charleston a 1837. Turawan da suka fara zama sun zaɓi tudu ne, saboda yammacin kogin a lokacin fadama ce da ƙungurmin daji, ga sauro, ga ambaliya. Daga baya Charleston ta yi tashe da katako; a farkon ƙarni na ashirin akwai kamfanin Lamb-Fish a garin, wanda yake tutiyar cewa babu masana'antar yanka katako irin tasa a duniya. Da daji ya ƙare, kamfanin ya bi shi.

Wani abu da Baffa ya nuna mini muna fita gari shi ne makarantar sakandare. Ɗan wasan fim Morgan Freeman, wanda ke da gida a yankin, ya yi tayin biyan kuɗin bikin yaye ɗalibai a 1997 bisa sharaɗin a yi shi a haɗe, baƙaƙe da farare. Ba a karɓi tayin ba sai 2008. Kafin nan biki biyu ake yi wa 'yan aji ɗaya.

Da ka bar Charleston ka yi yamma kaɗan, tudun sai ya yanke tashi ɗaya. Titi ya gangaro, ƙasa ta shimfiɗe har iyakar ganinka. Wannan shi ne yankin da suke kira Delta, ƙasar da kogin Misisipi da rassansa suka yi dubban shekaru suna jibge mata laka. Ban taɓa ganin auduga mai yawan ta ranar ba. Injin girbi guda ɗaya yana tafe cikin gona, yana tsinka yana dunƙulewa, can sai ya ajiye wani ƙaton ƙunshi naɗe da leda ruwan ɗorawa, tsayinsa ya fi mutum. An jera su a bakin gona suna jiran mota. Ɓurɓushin auduga ya yi fari fat a gefen kwalta. A duk faɗin gonar mutum ɗaya na gani, shi ne direban injin.

Muka haye gadar kogin Tallahatchie cikin ƙiftawar ido. Ruwa ne ja, mai tafiya a hankali, bai ma yi faɗin da na zata ba. Amma shi ya raba gundumar biyu. Bayan yaƙin basasar Amurka aka shiga sare dajin yamma ana mai da shi gonakin auduga, jirgin ƙasa ya shigo, garuruwa irin su Webb da Sumner da Tutwiler da Glendora suka tsiro. Dukiya ta koma can. Sai dai mai gona a yamma, in yana da ƙara ko yana son rajistar fili, dole ya ɗaura wa alfadari keke ya ratsa fadama, ya haye kogi, ya hau tudu zuwa Charleston. In ruwa ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 1882, hanya ta yanke ke nan sai kwalekwale. Manyan manoman yamma suka matsa, a 1902 aka raba gundumar zuwa yankunan shari'a biyu, Sumner ta zama hedikwata ta biyu. Kotun farko da aka gina a can gobara ta cinye ta a 1908. Wadda ke tsaye yanzu a 1910 aka kammala ta.

Hujjar tasu mai kyau ce, ban ga abin kushewa a cikinta ba: a kawo shari'a kusa da jama'a. Abin da ya tsaya mini a rai tun muna kan gadar shi ne wace jama'a ake nufi. Mafi yawan mazauna yammacin kogin baƙaƙen fata ne, jikokin bayi, suna noman kashi-mu-raba a gonakin turawa, shekara ta zagayo mai gona ya buɗe littafi ya ce har yanzu ana bin su bashi. An kawo musu kotu har ƙofar gida, amma kundin tsarin mulkin jihar na 1890 ya riga ya toshe musu hanyar zaɓe da harajin kai da jarrabawar karatu.

Sumner ƙaramin gari ne ƙwarai, mutanensa ba su wuce ɗari uku ba. Wata ƙorama mai kwantaccen ruwa da ake kira Cassidy Bayou ta ratsa ta gefensa, dogayen itatuwa na tsaye a cikin ruwan har gindinsu ya kumbura. A bakinta muka shimfiɗa darduma muka yi Azahar, babu wanda ya ko waiwaye mu, don babu kowa a titin. Kotun kuwa ta fi ƙarfin garin. Bene ne na jan bulo, tagoginsa dogaye masu baka, ga hasumiya a kusurwa ɗaya da ake hangowa tun daga cikin gonaki. Ka ga ginin ka san waɗanda suka yi shi sun ɗauka garinsu zai zama birni.

A tsallaken titi akwai cibiyar tunawa da Emmett Till, a cikin wani tsohon shago. Daga nan wata ma'aikaciya ta raka mu muka hau matakala zuwa ɗakin shari'a da ke sama.

Emmett Till yaro ne ɗan shekara 14 daga Shikago. A watan Agusta na 1955 ya zo hutu wurin Moses Wright, kawun mahaifiyarsa, kusa da ƙauyen Money a gundumar Leflore da ke maƙwabtaka. Ranar 24 ga wata ya shiga wani kanti sayen alewa, aka ce ya yi wa matar mai kantin, baturiya, fito. Cikin daren 28 ga wata mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J. W. Milam suka zo da bindiga suka ɗauke shi daga kan gado. Ranar 31 aka tsamo gawarsa a kogin Tallahatchie, an ɗaure masa fankar injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya. A gundumar Leflore aka sace shi, a wani rumbu kusa da Drew a gundumar Sunflower aka azabtar da shi, amma da yake a ɓangaren Tallahatchie aka ce an ga gawar, shari'ar kisan ta faɗo Sumner. Mahaifiyarsa Mamie ta sa aka kai gawar Shikago, ta ce a bar akwatin a buɗe duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Mujallar Jet ta buga hoton.

An gyara ɗakin a 2015 aka mai da shi kamanninsa na 1955. Kujerun katako a jere, fankoki a rufi, dogayen tagogi da rana ke kwararowa ta cikinsu, da shingen katako da ya raba 'yan kallo da gaban alƙali. A gefe ga kujeru goma sha biyu na masu taya alƙali hukunci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar tazarar. Daga kujerar mai ba da shaida zuwa inda waɗanda ake tuhuma suka zauna taku kaɗan ne. Na zauna a kujerar shaidar, na dubi wurin, na ga cewa mutum zai iya ganin jijiyar wuyan wanda yake nunawa.

A nan Moses Wright, dattijo mai shekara 64, manomi kuma mai wa'azi, ya miƙe tsaye ya nuna Milam da yatsa ya ce ga shi can. A Misisipi ta wancan zamani baƙar fata ya tuhumi bature da kisa a bainar jama'a daidai yake da sa hannu a takardar mutuwarsa. Wani mai ɗaukar hoto, Ernest Withers, ya ɗauki hoton a sace duk da alƙali ya hana. A nan kuma Willie Reed, saurayi ɗan shekara 18, ya faɗi irin duka da kururuwar da ya ji daga cikin rumbun. Dukansu biyu sun bar jihar bayan shari'ar, Shikago suka koma. Mamie ma ta zauna a kujerar ta ce gawar ta ɗanta ce, ta gane shi, ga kuma zoben mahaifinsa da aka samu a yatsansa.

Baffa ya daɗe a tsaye bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, tsohon nan ya san ba za su hukunta su ba, kuma ya tashi ya nuna." Na ce, "Haka ne, Baffa." Iyakar maganar da muka yi a ɗakin ke nan.

An fara shari'ar ranar 19 ga Satumba aka gama ranar 23, a gaban alƙali Curtis Swango. Lauyoyi biyar ne a garin Sumner, kuma duka biyar ɗin suka tsaya wa waɗanda ake tuhuma. Shugaban 'yan sandan gundumar, H. C. Strider, wanda aikinsa ne ya taimaka a kama mai laifi, sai ya ba da shaida a ɓangaren masu kare su, ya ce gawar ta daɗe a ruwa fiye da yadda za ta zama ta yaron. Shi ne kuma ya ware 'yan jarida baƙaƙe ya zaunar da su a wani ɗan teburi a gefe, har da ɗan majalisar tarayya Charles Diggs da ya zo daga Detroit. Gundumar a lokacin tana da mutum wajen dubu talatin, kusan kashi biyu cikin uku baƙaƙe ne, amma babu ko ɗaya daga cikinsu a rajistar zaɓe, don haka babu ko ɗaya da zai iya zama a kujerun nan goma sha biyu. Mata ma ba a ba su wannan dama a jihar ba sai 1968. Turawa maza goma sha biyu, galibinsu manoma, suka shiga ɗaki, bayan minti 67 suka fito suka ce Bryant da Milam ba su da laifi. An ruwaito ɗaya daga cikin goma sha biyun yana cewa da ba su tsaya shan lemo ba da ba su kai haka ba. A watan Janairu na 1956 mujallar Look ta buga labarin da mutanen biyu suka bayar, bayan an biya su kuɗi, na yadda suka yi kisan, sun san doka ba ta yarda a sake gurfanar da su a kan laifi ɗaya ba. A 2005 hukumar FBI ta tono gawar, gwaji ya tabbatar da abin da uwa ta faɗa tun farko.

Akwai wata shari'a da aka yi a ɗakin nan wadda duniya ba ta sani sosai ba, kuma ita ta fi nuna mini cewa hukuncin Satumba ba tuntuɓe ba ne. A watan Disamba na 1955, a Glendora, wani bature abokin Milam mai suna Elmer Kimbell ya harbe Clinton Melton, baƙar fata mai aiki a gidan mai, magidanci mai 'ya'ya, a kan gardamar yawan man da aka zuba masa. Mai gidan man, wanda shi ma bature ne, ya ba da shaida a kansa. Kwanaki kaɗan kafin a zauna, aka tsinci gawar matar Melton, Beulah, motarta ta faɗa ƙorama. A watan Maris na 1956, a kan kujerun nan dai, aka wanke Kimbell. Wannan karon 'yan jaridar duniya ba su zo ba.

Da muka sauko muka zagaya farfajiyar. A kusurwa ɗaya akwai mutum-mutumin sojan Kudu na yaƙin basasa, ɓangaren da ya yi yaƙi don a ci gaba da bauta, an kafa shi a 1913. Ba nisa da shi ga allon tarihi da ke bayanin shari'ar Till. Shekara hamsin gundumar ta yi ba ta son a ambaci sunan yaron. Jerome Little, baƙar fata na farko da ya shugabanci majalisar gundumar, shi ya haɗa kwamitin baƙaƙe da farare, kuma a watan Oktoba na 2007 suka tsaya a gaban kotun suka karanta takardar neman afuwa ga dangin Till, suka amsa cewa an yi zalunci a shari'ar. Gyaran ɗakin daga nan ya samo asali. Ni dai na jinjina musu a kan zaɓin da suka yi. Gyare-gyaren shekarun baya sun riga sun sauya fasalin ɗakin, da sun so da sun bar shi haka, mai zuwa ba zai gane komai ba. Suka nemi kuɗi suka dawo da shi yadda yake ranar da aka yi abin kunyar, kuma har yau alƙali na zama a cikinsa yana sauraron ƙararraki. Mutum-mutumin kuwa, a ganina, ba ƙofar kotu ce wurinsa ba. Wanda ya zo neman haƙƙinsa bai kamata ya fara wucewa ta ƙarƙashin wanda ya yi yaƙi don kakanninsa su dawwama a bauta ba.

Mun ci abinci a hanya, soyayyar tarwaɗa da aka birkiɗa a garin masara, wadda ita ce abin alfaharin yankin, sannan muka nufi Glendora. A can an mai da tsohon gidan gurzar auduga gidan tarihi. Daga nan hanyar tsakuwa ce tsakanin gonaki har bakin kogi, wurin da ake kira Graball Landing, inda ake kyautata zaton a nan aka fito da gawar. Allon farko da aka kafa a wurin a 2008 sace shi aka yi. Na biyu aka yi masa ruwan harsashi, huda fiye da 300. Na uku ma aka harbe shi. Wanda muka tarar na huɗu ne, na 2019, an yi shi da ƙarfen da harsashi ba ya hudawa, ga kyamarori na tsaronsa. Ranar 25 ga Yuli 2023, ranar da Till zai cika shekara 82 da yana raye, shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya ayyana wannan gaɓar kogi da kotun Sumner da cocin Roberts Temple na Shikago, inda aka yi jana'izarsa, a matsayin wuraren tarihi na ƙasa. Shekara guda kafin nan, a Maris 2022, ya sa hannu a dokar da ta mai da irin wannan kisan gilla laifi a matakin tarayya, kuma sunan yaron dokar take ɗauke da shi.

Muna komawa arewa ta Tutwiler na riƙa ƙirga gidajen da ciyawa ta cinye. Gundumar da ta haura mutum dubu talatin da biyar a 1920 yau ba ta kai rabin haka ba. Injin tsinkar auduga, wanda aka fara nuna ƙarfinsa a wata gona kusa da Clarksdale a 1944, ya sa masu gonaki ba sa bukatar hannaye, tsoro da talauci kuma suka kora sauran zuwa Shikago da Detroit da St. Louis. A tashar jirgin Tutwiler ne mawaƙi W. C. Handy ya ce ya fara jin kiɗan blues na baƙaƙen Amurka wajen 1903. Tashar babu ita yanzu, sai zane a bango. Ginin da ya fi kowanne girma a bakin garin gidan yari ne na wani kamfani mai zaman kansa, har daga wasu jihohi ake kawo masa fursunoni.

Tsakanin kotunan biyu yanzu tafiyar kusan rabin awa ce a mota, dalilin 1902 ya kau tun da aka yi gada da kwalta. Na tambayi Baffa ko wata rana za a haɗe su. Ya ce shi bai ga garin da zai yarda ya saki tasa ba, domin a wuri irin wannan in kotu ta tashi, lauya zai bi ta, banki ya bi lauya, mai shagon abinci ya rufe. Fiye da rabin mutanen gundumar a yau baƙaƙe ne, sunayensu na cikin rajistar zaɓe tun bayan dokar 'yancin zaɓe ta 1965, suna zama a majalisar gunduma, kuma ana kiran su su zauna a kujerun nan goma sha biyu a Charleston da Sumner. Daga Tutwiler muka ɗauki hanya ta 49 zuwa Clarksdale, inda muka yi niyyar kwana.